Tambaya da Amsa: Jitar Agadas, Sabon Faifai, da Samarin da Ke Shirin Fitar da Nasu

Wasiƙun wannan wata sun karkata ne wuri guda, wato kiɗan jita na ƙasar Abzin da ƙungiyoyin samarin da ke yin sa, kuma abin da ya tayar da maganar shi ne faifai na uku na wata ƙungiya ta garin Agadas. Na zaɓi biyar daga cikin wasiƙun, na taƙaita tambayoyin ba tare da na sauya manufar masu su ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Wani abokina direban babbar mota da ke kai kaya Agadas ya turo mini bidiyon wasu samari masu rawani suna kaɗa jita da ganguna, ya ce sunan ƙungiyarsu Etran de l'Aïr, kuma wai sun fitar da sabon faifai. Su wane ne su? Sannan me ya sa nake ganin Turawa suna kiran kiɗansu rok, alhali ni abin da kunnena yake ji kiɗan biki ne?
— Mai karatu daga Fagge, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kunnenka bai yaudare ka ba, domin a gidajen biki aka raini wannan kiɗa da ka ji, a can kuma ya yi wayo. Ma'anar sunan ƙungiyar ita ce taurarin Abzin, wato yankin duwatsun nan na arewacin Nijar da fataken Hausawa suka daɗe da sani ta hanyar cinikin gishiri da dabino. Ƙungiya ce ta dangi, wa da ƙane da 'ya'yan 'yan'uwa, waɗanda suka tashi a unguwar Abalane kusa da babban masallacin Agadas mai doguwar hasumiyar laka da ta kai mita 27. An kafa ta a 1995, lokacin da jagoranta na yanzu, Moussa Ibra, wanda ake yi wa laƙabi da Abindi, yake ɗan shekara 9 kacal. Da jita guda ɗaya marar lantarki suka fara, gangarsu kuwa ƙwarya ce da ake kifawa a kan ruwa ana bugun ta da takalmi, abin da ba baƙo ba ne ga duk Bahaushen da ya taɓa ganin mata suna kiɗan ƙwarya a tsakar gida ranar suna. A hankali suka mallaki jitar lantarki da amsa-kuwwa da cikakken jerin ganguna, kuma sun shafe fiye da shekara 20 suna zagaya bukukuwan aure da na suna da tarukan siyasa kafin faifansu na farko ya fita wajen Nijar.

Shekarar da aka kafa su tana da labari a bayanta. Kiɗan jitar Abzinawa ya tsiro ne a hannun samarin da fari da rashin aikin yi suka kora zuwa Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980. Ƙungiyar Tinariwen ta mutanen arewacin Mali ita ce ta fi shahara a cikinsu, a Nijar kuwa marigayi Abdallah Oumbadougou ne ya share hanya. A zamanin tawayen Abzinawa da aka fara a 1990, a ɓoye ake yaɗa waƙoƙin cikin kaset daga hannu zuwa hannu, domin hukuma tana ɗaukar su a matsayin muryar 'yan tawaye. Da aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu, 1995, sai jita ta fito fili ta shiga gidajen biki, kuma a nan ne ta sauya hali, ta ƙara sauri da zafi, aka haɗa ta da ganguna, tun da yake mai biki rawa yake so a yi masa, ba ya gayyatar makaɗa don jama'arsa su zauna su yi tagumi.

Na taɓa halartar wani biki a wata unguwa ta bayan garin Agadas, kuma abin da na gani a daren nan shi ya fahimtar da ni wannan kiɗa fiye da duk abin da na karanta a kansa. An kai janareta can bayan katanga don kada ƙararsa ta danne kiɗan, an jawo doguwar waya mai ɗauri a wurare da yawa, an ɗora amsa-kuwwa biyu a kan kujerun roba, sannan an tokare babbar gangar da bulo saboda tana zamewa a cikin rairayi duk lokacin da mai ita ya taka. Mata suna zaune a tabarmi gefe guda, maza suna tsaye a ɗaya gefen, ana shiga fili bibbiyu ana takawa a fita. Ana tsakiyar waƙa sai janareta ya mutu, jitoci suka yi shiru, amma mai ganga bai tsaya ba, mata kuma suka ɗauki amshi da tafi da guɗa suka riƙe waƙar har aka tayar da injin, jitoci suka dawo daidai inda ya kamata su shigo kamar ba abin da ya faru. Makaɗan da suka yi shekaru suna aiki a irin wannan fili, babu dandalin da zai ba su tsoro a duniya.

Dangane da faifan da abokinka ya ambata, shi ne na uku. Na farko, mai suna No. 1, ya fito a 2018, kuma a fili aka ɗauke shi a Agadas, ana jin tafin jama'a da guɗar mata a cikinsa. Na biyu, wanda suka ba sunan garinsu, ya fito a 2022. Na uku, 100% Sahara Guitar, ya fito a watan Satumba na 2024, kuma a situdiyo aka ɗauke shi a Amurka. Dukkansu kamfanin Sahel Sounds ne ya fitar. Kafin in saurari na ukun na ji tsoron kada tsabtar situdiyo ta sanyaya musu jini, amma ba haka ta kasance ba: an fi rarrabe muryar kowace jita, an fi jin yadda ɗaya take bin sawun ɗaya suna saƙa, zafin kuwa yana nan. Duk da haka ni har yanzu na farkon ya fi kwanta mini a rai, saboda jama'ar da ke cikinsa.

Abin da ya sa ake kiran kiɗan rok kuwa, kayan aikin ne iri ɗaya da na ƙungiyoyin rok na Amurka da Ingila, wato jitar lantarki, jitar bas mai kaurin murya, da jerin ganguna, ga kuma ƙara da sauri. Ginin kiɗan ne ya bambanta. A Agadas ana ɗaukar gajeriyar jimla ta kiɗa ne a yi ta juya ta ana ƙara mata ado da sauri, mai waƙa yana bayarwa 'yan amshi suna karɓa, kamar dai yadda mai goge ko mai garaya yake yi a wajenmu. Su Etran kuma sun ɗebo daga wurare da dama, har da salon jitar Kwango da kiɗan ƙungiyoyin Hausawa na birane, abin da ba mamaki ba ne a garin da Hausa ce harshen kasuwarsa.

TAMBAYA: Malam, ina yawan ganin ana cewa wance ƙungiyar indi ce, ban san ma'anar kalmar ba. Kuma wani malaminmu ya ce shahararren mai jitar nan Mdou Moctar a garinmu ya ɗauki faifansa na farko. Da gaske ne?
— Ɗalibi daga Sakkwato

AMSA: Ƙanena, malaminka ya faɗi gaskiya, amma bari in fara da kalmar. An gutsuro ta ne daga kalmar Ingilishi mai nufin cin gashin kai, kuma asalinta ba sunan salon kiɗa ba ne, bayani ne a kan wanda ya fitar da faifai. Manyan kamfanoni uku ne suka mamaye kasuwar faifai ta duniya, wato Universal da Sony da Warner. Ƙungiyar da ta fitar da waƙoƙinta da kanta, ko ta hannun ƙaramin kamfanin da ba ya ƙarƙashin waɗannan ukun, ita ake kira indi. Daga baya ne, tun daga shekarun 1980, kalmar ta zama har da sunan wani salon rok da irin waɗannan ƙungiyoyi suka saba yi a Ingila da Amurka. Idan aka bi ma'anar farko, kusan duk makaɗan jitar Nijar 'yan cin gashin kai ne, domin da kuɗin biki suke sayen kayansu, su suke ɗaukar nauyin kansu, kuma ba wanda yake zaɓa musu abin da za su rera.

Mdou Moctar, wanda sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, mutumin yankin Tawa ne, bahago ne a kiɗa, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. A 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki faifan da ake kira Anar, kuma duk wanda ya saurare shi zai ji hannun situdiyon ƙasar Hausa na wancan lokaci, da gangar na'ura da muryar da aka tace da kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinanmu. Faifan bai shiga kasuwa ta hanyar da aka saba ba. Waƙoƙinsa sun yi ta yawo ne daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, har suka ƙetara zuwa Mali. A can ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ya kafa Sahel Sounds a birnin Portland, ya tsinci ɗaya daga cikinsu a wayoyin mutane, ya sanya ta a wani kundin waƙoƙin da ya tattara daga wayoyin mutanen Sahara, wanda ya fito a 2011, kuma sai da ya sha wahalar bincike kafin ya gano mai waƙar. Ina so masu karatu su riƙe wannan wuri, domin zan dawo kansa a amsa ta gaba.

Daga nan sai tafiya ta miƙe. Ya kafa cikakkiyar ƙungiya mai mutum huɗu, ya koma kamfanin Matador na birnin New York, wanda tsohon gida ne na ƙungiyoyin rok masu cin gashin kai, ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a watan Mayu na 2024. Juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 ya same su suna rangadi a Amurka, aka rufe iyakokin Nijar suka kasa komawa gida a kan lokaci, kuma a cikin wannan zaman jiran ne suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice da jita marar lantarki, aikin da ya fito a farkon 2025.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Mu biyar ne a gungunmu, jita biyu, bas, ganguna da mai waƙa, kuma mun yi shekara uku muna wasa a bukukuwa. Muna da waƙoƙi takwas namu na kanmu, da Hausa muke rera su, kuma muna son mu fitar da su a faifai, amma ba mu da kamfani, ba mu da mai ɗaukar nauyi. Ta ina za mu fara, kuma yaya ake samun kuɗi a intanet?
— Wasu samari daga Damagaram

AMSA: Ƙannena, wasiƙarku ta faranta mini rai ƙwarai, kuma zan ɗan tsawaita a kanta. Shekara ukun da kuka yi a bukukuwa ita ce jarinku, domin kun riga kun san waƙar da ke tayar da mutane daga kan tabarma da wadda ke sa su koma hira, kuma wannan ilimi ne da ba a sayen sa da kuɗi.

Kafin ku taka ƙofar situdiyo, ku zauna ku biyar ku rubuta yarjejeniya a takarda, da shaidu biyu daga manyanku. A rubuta wanda ya tsara kalmomin kowace waƙa da wanda ya tsara kiɗanta, yadda za a raba duk abin da ya shigo, da kuma wanda zai riƙe sunan gungun idan wani ya fita. Na san magana ce mai nauyi a tsakanin abokai, wani ma zai ji kamar ana zarginsa, amma tun ran gini ran zane. Yanzu da babu ko dala a tsakaninku ita ce ranar da maganar take da sauƙi. Bayan haka ku kai waƙoƙin ofishin kare haƙƙin mallaka na Nijar, wanda aka fi sani da BNDA, ku yi musu rajista. Masu karatunmu na Najeriya kuma suna da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa da dokar haƙƙin mallaka ta 2022.

Wajen ɗaukar sauti, shawarata ita ce ku kaɗa tare a ɗaki ɗaya kamar yadda kuke yi a fili. Yawancin masu situdiyonmu sun saba da aikin mawaƙi guda, inda ake haɗa kiɗa duka a fiyano da kwamfuta sannan a ɗora murya, saboda haka mai yiwuwa ne a ce muku a bar mai gangarku ya huta, na'ura za ta yi aikinsa da tsabta. Kada ku yarda. Ɗan jinkirin nan da ɗan gaggawar nan da ke hannun mai ganga, yadda yake ƙara wuta idan ya ga mai jita ya ɗauki zafi, shi ne abin da ya raba ku da waƙoƙi dubu da ke cikin wayoyin mutane. Ku sa sababbin tsirkiyoyi kwana biyu kafin ranar don su zauna, ku daidaita jitocinku kafin kowace waƙa, ku nemi ɗaki mai labule ko katifu a jikin bango don kada sauti ya yi ta dawowa, kuma ku ɗauki kowace waƙa sau uku ku zaɓi wadda ta fi rai ko da akwai ɗan kuskure a cikinta. Idan kuɗin situdiyo ya gagara, kada wannan ya tsayar da ku. A 2020 Sahel Sounds ya yi shekara guda yana fitar da gajerun faya-fayai wata-wata waɗanda makaɗa suka ɗauka da wayar hannu suka aika ta WhatsApp, kuma Etran de l'Aïr ne suka buɗe jerin.

Idan an gama aiki, ku karɓi uwar sautin, wato ainihin abin da aka ɗauka kafin a matse shi ya zama ƙaramin fayil na waya, ku ajiye ta a wuri biyu daban. Ina faɗin haka ne da ciwo a raina, domin na taɓa raka wasu samari da na sani wani situdiyo karɓar aikinsu na wata huɗu, mai wurin ya fito yana ba da haƙuri cewa kwamfutarsa ta lalace kuma komai ya tafi. Abin da ya rage musu shi ne waƙa biyu da ɗayansu ya tura wa kansa a waya don ya ji da dare. Ba su sake haɗuwa sun maimaita aikin ba.

Sai maganar fitarwa. Kada ku zubar da takwas ɗin rana ɗaya. Ku fara da waƙar da ta fi tayar da fili, ku yi mata bidiyo mai sauƙi a wurin da mutane za su gane garinku ne, ku sake ta a WhatsApp da Facebook da TikTok da YouTube, ku kai wa gidajen rediyon gari da masu tura waƙoƙi a kasuwa, sannan bayan 'yan makonni ku fitar da sauran. A nan ne nake dawowa kan labarin Mdou Moctar: waƙa tana tafiya ta bar mai ita a baya. Saboda haka ku rubuta sunan gungunku da sunan waƙar a jikin fayil ɗin, ku sa lambar da za a same ku a kan hoton faifan da ƙarshen bidiyon, kuma mai waƙarku ya ambaci sunan gungun a cikin waƙar, kamar yadda makaɗan Hausa suka saba yi wa kansu kirari tun kafin a san wani abu wai shi intanet.

Game da kuɗin intanet, gara in gaya muku gaskiya tun yanzu. Ba a ɗora waƙa kai tsaye a Spotify ko Apple Music, sai ta hannun kamfanonin dillanci irin su DistroKid da TuneCore da CD Baby, waɗanda ake biya kuɗin shekara ko na kowane faifai. Abin da ake samu a kan kowane sauraro kaɗan ne ƙwarai, ya kuma danganta da ƙasar da mai sauraron yake, sannan tun daga 2024 Spotify ba ya lissafa wa waƙa kuɗi sai an saurare ta sau 1,000 a cikin wata 12. Audiomack da Boomplay sun fi kusa da masu sauraron yankinmu, kuma suna da amfani wajen yaɗa suna. Inda ƙananan ƙungiyoyi suka fi ganin kuɗi a hannu shi ne shafin sayar da waƙoƙi na Bandcamp, domin a can mutum sayen faifan yake yi, kamfanin ya cire kashi 15 cikin 100 ban da ladan masu aika kuɗi, sauran ya zama na masu waƙa, sai dai karɓar kuɗin yana buƙatar asusun da ke amsar kuɗi daga waje, abin da ke ba mutanenmu wahala. A shekarun farko, ku ɗauka cewa faifan zai ciyar da ku ne ta wata hanya: zai sa a kira ku biki a Maraɗi da Tawa da Yamai, ya kuma ba ku bakin ƙara kuɗin wasa.

Idan Allah Ya sa wani kamfani na gida ko na waje ya neme ku, kada ku sa hannu a takardar da ba ku fahimta ba, ko da da Faransanci aka rubuta ta kuma kuna jin Faransanci. Ku nemi wanda ya san doka ya duba muku abu uku: shekara nawa kamfanin zai riƙe waƙoƙin, kashi nawa ne naku bayan an cire kuɗin aiki, kuma ko mallakar waƙoƙin za ta dawo hannunku idan wa'adin ya cika. Takardar da ta ce kun sayar har abada a kan kuɗi guda da za a ba ku yau, ku bar ta a kan teburin.

TAMBAYA: Me ya sa ba mu da irin waɗannan ƙungiyoyi a Arewacin Najeriya, kuma akwai masu irin wannan kiɗa da Hausa?
— Mai karatu daga Sabon Garin Zariya

AMSA: Ɗan'uwa, akwai su, kuma wadda zan fara nuna maka ita ce Tal National ta birnin Yamai, wadda Hamadal Issoufou Moumine, da aka fi sani da Almeida, ya kafa, mutumin da ya haɗa kiɗan jita da aikin alƙalanci a kotu. Suna rera waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, wato harshen Abzinawa, kuma kamfanin FatCat na Ingila ya fitar musu da faya-fayai uku a 2013 da 2015 da 2018, na ƙarshen ma sunansa na Hausa ne, Tantabara. Kiɗansu ya fi na Agadas sarƙaƙiya, yana yawan sauya taki a tsakiyar waƙa, kuma za ka ji amon kalangu a cikinsa.

Dalilin ƙarancin irinsu a wajenmu kuwa, a ganina tattalin arziki ne ya fi yawa a ciki. Tun da masana'antar finafinan Hausa ta bunƙasa a Kano a shekarun 1990, kiɗan zamani na Arewa ya ginu ne a kan fiyano da kwamfuta, inda mutum ɗaya a ƙaramin ɗaki zai haɗa abin da da sai mutum biyar sun yi. Ya fi araha, ya fi sauri, kuma mai biki ya saba da a kawo masa mawaƙi guda da mai saka faifai. Ƙungiya kuwa tana buƙatar kayan kiɗa masu tsada, wurin gwaji, wutar lantarki, da mutane biyar da za su jure wa juna shekara da shekaru. Amma kunnen Bahaushe bai taɓa rabuwa da tsirkiya ba. Al'ummar da ta fitar da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, da Garba Supa da gogensa, da Ahmadu Doka da kukumarsa, ba za ta rasa yaran da za su iya jita ba, kuma na fi son in ga yaron da ya ɗauki jita ya fara da sauraron waɗannan kafin ya tsallaka teku neman abin koyi.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce. Ɗana yana da jita, yanzu kuma na lura ƙanwarsa mai shekara 15 tana ɗaukar ta idan ya fita, har ta fara iyawa. Hankalina bai kwanta ba. Shin mata suna yin wannan kiɗa, kuma me kake ba ni shawara?
— Wata uwa daga Birnin Ƙonni

AMSA: Hajiya, Allah Ya raya miki su, Ya yi musu albarka. Damuwarki ta uwa ce, kuma tana kan hanya. Abin da ya shafi hukuncin addini a kan kiɗa na malamai ne, su za ki tuntuɓa, ni abin da na sani na sana'ar zan faɗa miki. Mata suna yi, ko da yake ba su da yawa. A ƙauyen Illighadad da ke yankin Abalak, cikin jiharku ta Tawa, wata yarinya mai suna Fatou Seidi Ghali ta koya wa kanta kiɗa da jitar wanta, kamar dai yadda 'yarki take yi, daga baya ita da 'yan'uwanta mata suka kafa ƙungiyar Les Filles de Illighadad, wato 'yan matan Illighadad, wadda faifanta na farko ya fito a 2016. Sun haɗa jita da tende, kiɗan matan Abzinawa na gargajiya da ake yi da turmin da aka rufe bakinsa da fatar akuya, kuma sun yi wasa a Turai da Amurka cikin shigarsu ta gida da lulluɓinsu.

A fahimtata, abin da ke tayar wa iyaye hankali a wannan harka shi ne daren da ake kaiwa a waje, da irin mutanen da ake cuɗanya da su, da karatun da ake sakaci da shi, kuma duk waɗannan suna hannunki a yanzu tun da a cikin gida take. Ki kira ta ki ce ta kaɗa miki abin da ta koya, ki saurara har ta gama, domin yarinyar da ta san uwarta ta san abin da take yi ba ta da dalilin ɓoyewa. Daga nan ki yi shawara da mahaifinta, ku yanka mata lokaci bayan ta gama aikin makaranta da na Islamiyya da na gida, a tsakar gida inda kike gani, wanta kuma ya zauna ya nuna mata yadda ake daidaita tsirkiyoyin.